Hausar Nima a Gaban Kyamara

  Gaisuwa ga iyayenmu mata na kasuwar Nima, da dattawan Mamobi, da samarin da ke zaune a bes ana dafa ataya. Gaisuwa ga mutanen Sabon Zango, da Kotobabi, da Fadama, da Madina, har zuwa Ashaiman.

Sharhinmu na yau a kan kallo ne, kallon wasan kwaikwayo a talabijin da waya. Magana ɗaya ce za mu yi ta juyawa, don haka ku riƙe ta tun yanzu. Mutumin Zango ya daɗe yana kallon wasu. Yanzu ya fara ɗaukar kansa da kansa. Kuma Hausar da yake yi a gaban kyamara Hausa ce, ba abin kunya ba.

To, bari mu fara da son da mutanen Zango ke yi wa 'yan wasa.

Wannan so ba yau ya fara ba. Dattawan Nima suna tuna silimar Dunia, inda ake cika maƙil don kallon finafinan Indiya. Daga baya kaset ya zo, sannan faifai. Finafinan Kano suka biyo hanyar fatake, suka shigo Akra cikin jakunkuna. A lokacin ne sunan Ibro ya shiga gidajen Zango. Da marigayi Rabilu Musa, wato Ibro, ya rasu a watan Disamba na 2014, ba Kano kaɗai aka yi juyayi ba.

A wannan shekarar ta 2014 ce aka buɗe tashar Arewa24, mai watsa shirye-shirye da Hausa ta tauraron ɗan'adam. Ba a jima ba ta kawo Daɗin Kowa. Wannan wasa ya zauna wa mutanen Zango daram, kuma dalilin a bayyane yake. Garin Daɗin Kowa gari ne na ƙage, amma cike yake da baƙi da 'yan gida, Musulmi da Kirista, malami da mai shayi, mai gadi da ɗan kasuwa. Duk wanda ya tashi a gidan haya a Nima ya san irin wannan zama. Tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, ƙabilu biyar ko shida. Idan Adama ta tasa Kamaye a gaba a kan kuɗin cefane, matan Mamobi ba sa bukatar a yi musu bayani. Sun ji irin wannan rigimar ta bayan bango tun suna yara.

Sai kuma 2020, shekarar korona, lokacin da aka kulle Akra na wasu makonni, mutane suka ƙara manne wa wayoyinsu. A shekarar ce Aminu Saira ya fito da Labarina. A shekarar ce kuma Izzar So ta Lawan Ahmad ta karaɗe YouTube. Nan kallo ya zama muhawara. A Labarina, wasu na bayan Mahmud, wasu na bayan Presido. Wasu na jin haushin Baba Ɗan Audu, amma ba sa so a yi fitowa ɗaya babu shi. Da Nafisa Abdullahi ta bar wasan, aka ba Fati Washa matsayin Sumayya, sai masu kallo suka rabu gida biyu. Wasu suka karɓa. Wasu suka ce su ba su san wata Sumayya ba sai ta farko.

Ku lura da wani abu, masu sauraro. Sunan wasa yakan cinye sunan yanka. Mutane da yawa sun san Kamaye, amma ba su san sunansa Ɗan'azumi Baba ba. Sun san Baba Ɗan Audu kafin su san Rabi'u Rikadawa. Wannan alamar nasara ce ga ɗan wasa. Amma akwai nauyi a ciki. Waɗanda ke fitowa a matsayin mugaye sun sha faɗa a hirarraki cewa ana zaginsu a hanya saboda abin da suka yi a fim. Wannan kuskure ne, kuma ya kamata a daina. Ɗan wasa aiki aka ba shi. Idan ya sa ka ji haushi, to ya iya aikinsa ne. Godiya ta kamace shi.

Yanzu sai mu leƙa gidan maƙwabta, domin mutumin Zango ba tashar Hausa kaɗai yake kallo ba. Yana jin Twi, yana jin Ga, yana jin Turanci.

A 2015 tashar Adom TV ta fara nuna wasan Indiya mai suna Kumkum Bhagya, wanda aka juya zuwa Twi. Abin ya zama ruwan dare a Gana. Mata na gaggawar sauke tukunya don kada a fara babu su. Bayan kowane kashi akan zauna a ɗakin watsa shiri ana tattauna halin Abhi da Pragya da Tanu, tamkar 'yan unguwa ne. A 2017 taurarin wasan suka zo Gana da kansu, jama'a suka yi dafifi wajen tarbarsu. A Kano ma haka abin yake da fassarar Algaita, inda jarumin Indiya ke buɗe baki ya yi Hausar titi.

Me ya sa wasan ya shiga zuciya haka? Ai an daɗe ana kallon finafinan Indiya a ƙasar nan. Abin da ya canza shi ne harshe. Ba'indiya ta yi magana irin ta mai sayar da kifi a Makola. Mai kallo ya ji muryar gidansu a bakin baƙo, sai ya ɗauki baƙon ɗan'uwa.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ta fi damun wannan sharhi. Shin mutumin Nima yana jin muryar gidansu a talabijin?

Amsa ita ce, da ƙyar.

Mu duba finafinan Kano tukuna. Jarumi Kananci yake yi. Jaruma Kananci take yi. Likita, alƙali, attajiri, duk Kananci. Ba laifi ba ne, domin a Kano masana'antar take, kuma daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka fi gina ta. Amma ina sauran karuruwan harshe? Sau da yawa sai an zo wajen ban dariya ake tuna su. A kawo Basakkwace yana cewa "shina zuwa", a yi dariya. A kawo Bafulatanin daji, a yi dariya. A kawo Baban Chinedu yana Hausa irin ta Inyamurai, a yi dariya. Dariya ba haramun ba ce. Amma idan kullum mai wani karin harshe shi ne wawa, yaro mai kallo zai ɗauki darasi. Zai ɗauka hankali yana da karin harshe guda ɗaya.

Duk da haka akwai misalai masu kyau. Ku tuna marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a 2023. Banufe ne, tsohon soja. Hausar bariki yake yi a wasansa, gauraye da Turanci, ba ruwansa da ƙa'idar nahawu. Amma shi ne mai gida a wasan. Shi ke ba da umarni, shi ake so. Ku duba kuma Malam Nata'ala na Daɗin Kowa, wanda ya zo da lafazin mutanen gabas daga Potiskum. Lafazin nan ne ya sa ba a manta shi. Ashe masu kallo ba sa ƙin karin harshe. Abin da suke so shi ne mutum mai rai a bayansa.

To, a finafinan Gana fa? Nan ma akwai magana. Shekara da shekaru, idan aka fito da ɗan arewa ko ɗan Zango a wasannin Twi, mai gadi ne da sanda da tocila, yana karya harshe. Idan ba mai gadi ba ne, to ƙato ne da aka ɗauko haya don duka. Da wuya ka ga ɗan Zango likita, ko malamar makaranta, ko lauya. Alhali Nima ta haifi duk waɗannan.

Kun ga halin da mai kallo na Zango yake ciki. A fim ɗin Kano ba a fito da shi. A fim ɗin Kumasi an fito da shi, amma ba da kamanninsa ba.

Bari mu ɗan dakata a nan, mu tambayi tarihi. Daga ina Hausar Zango ta fito?

Ta fito daga fataucin goro. Tun ƙarnoni da suka wuce ayarin Hausawa ke zuwa Gwanja, suna sauka a Salaga. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, fatake da malamai suka bazu zuwa Kete Krachi, da Kumasi, da Akra. Cikinsu akwai Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano, wanda ya yi rubuce-rubuce masu yawa da Larabci da Hausar ajami a wannan ƙasa, har ya rasu a 1934. Ta fito kuma daga bariki, domin Turawan mulkin mallaka sun kafa rundunar da suka kira ta Hausawa, Hausa ta zama harshen soja da ɗan sanda. A Akra, Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Nima kuma ta taso a shekarun 1930, bayan Malam Amadu Futa ya samu fili daga hannun iyalan Ga masu ƙasar.

Su wa suka cika waɗannan unguwanni? Hausawa, i. Amma tare da Kotokoli, da Zabarmawa, da Mosi, da Fulani, da Dagomba, da Wangarawa, da Yarabawa, da Busanga. Kowa ya zo da harshensa. Hausa ce ta haɗa su a masallaci, da kasuwa, da wajen suna da biki. Harshen da ya ɗauki wannan kaya dole ya sauya tafiya.

Shi ya sa a Nima za ka ji "da cau" inda Bakano zai ce "da kyau". Za ka ji "aboci" a maimakon "aboki". Haruffa masu lanƙwasa sun yi laushi a bakin matasa da yawa. Bambancin "ya zo" da "ta zo" ya ragu ƙwarai, har a ce mace "ya tafi kasuwa". Masana harshe sun san wannan kari, suna kiransa Gananci. Kuma ba Gana kaɗai ke da irin wannan sauyi ba. A Zariya ma za ka ji "yarinyan nan", ba wanda ya ce Zazzagawa ba Hausawa ba ne. Gidan rediyon ƙasar nan ya daɗe da sanya Hausa cikin harsunan da yake watsa shiri da su. Yau ga Marhaba a Akra, ga Zuria a Kumasi.

Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Hausar Zango tana da asali, tana da malamai, tana da tarihin da ya haura shekara ɗari a wannan birni. Hausa ce.

Yanzu mu juya ga sabon abu, wato bidiyon da masu kallo ke haɗawa da kansu.

Da can, sai mai kuɗi ke ɗaukar fim. Yau duk mai waya yana da kyamara a aljihu. Ku tuna abin da ya faru a 2020 da waƙar Jarumar Mata ta Hamisu Breaker. Matan aure suka riƙa ɗaukar bidiyo suna taka rawa a gaban mazajensu, abin ya bazu ko'ina ake jin Hausa. Malamai suka yi magana, wasu suka yaba, wasu suka soka. Ko me mutum ya ɗauka a kan wannan, abu ɗaya ya fito fili. Mai kallo ya tashi daga kan tabarma, ya shiga cikin wasan.

Irin waɗannan bidiyo kala-kala ne a TikTok, da Facebook, da WhatsApp. Akwai mai ɗauko muryar ɗan wasa ya riƙa motsa baki a kanta. Akwai mai yanko fitowar Umar Hashim na Izzar So ya ɗora mata waƙa. Akwai waɗanda ke sake shirya wata fitowa a tsakar gidansu, ɗaya ya zama Kamaye, ɗaya ya ɗaura ɗankwali ya zama Adama. Akwai kuma waɗanda suka wuce kwaikwayo, suna ƙirƙirar nasu gajeren wasa a kan mai gidan haya, ko ɗaukewar wuta, ko rigima da yaron mota a tiroto, ko layin mai koko da ƙosai da safe.

Waɗannan na ƙarshe su ne suka fi muhimmanci. A cikinsu ne ake jin Hausar Nima yadda take, da Twi a gefenta, da Turancin titi a tsakiyarta. Babu mai tace ta. Babu daraktan da zai ce a sake, ba haka ake faɗa a Kano ba. Abin da manyan tashoshi ba su yi ba, yara sun yi shi da wayar hannu da kuɗin data na sidi kaɗan.

Amma ga inda ciwon yake. Idan bidiyon ya tsallaka iyaka, akan samu masu cewa, "Wannan wace irin Hausa ce?" Wasu da wasa suke faɗa. Wasu da raini. Kuma rainin yana aiki. Sai ka ga yarinyar da ta iya ba da labari ta koma motsa baki kawai a kan muryar wata, don kada a ji tata. Sai ka ga saurayi yana tauna harshe, yana ƙoƙarin zama Bakano na dole, har abin dariyar da ya shirya ya mutu a bakinsa.

A fahimce mu da kyau, masu sauraro. Koyon daidaitacciyar Hausa abu ne mai amfani. Da ita ake rubuta littafi, da ita ake karanta labarai, da ita ɗan Nima zai yi ciniki a Kantin Kwari a Kano ba tare da tafinta ba. Finafinan Kano sun koya wa yaran Zango kalmomi da karin magana da suka fara ɓacewa a nan, kuma wannan alheri ne. A ƙara da ita. Amma kada a jefar da ta gida.

To, shin tsokana a kan harshe ta haramta ke nan? A'a. Al'adarmu ta san wasa tsakanin al'ummu. Bakano da Bazazzagi suna yi. Bafulatani da Babarbare suna yi. Bagobiri da Bayarabe suna yi. A nan Gana, Dagomba da Mosi suna yi. Amma wannan wasa yana da sharaɗi. Kowane ɓangare yana da bakin ramawa, kuma ana tashi ana dariya tare. Idan ɗaya ne kullum ke riƙe da kyamara, ɗayan kuma kullum shi ake nunawa, to an bar wasa an shiga cin fuska. Amfanin waɗannan ƙananan bidiyo shi ne sun ba ɗan Zango bakin ramawa. Yanzu shi ma zai iya kwaikwayon Bakano, Bakano ya gani ya yi dariya.

Kuma Nima ta riga ta ga abin da ke faruwa idan ɗanta ya tsaya a kan muryarsa. Ƙungiyar mawaƙa ta VIP daga nan ta fito. Sun sa Hausar unguwa a cikin waƙoƙinsu tare da Twi, ƙasa duka ta rera, har Najeriya aka san su. Mohammed Kudus a filayen ƙasa na Nima ya fara buga ƙwallo. Da ya ci ƙwallo biyu a ragar Koriya ta Kudu a gasar cin kofin duniya ta 2022, bidiyon murnar da aka yi a titunan Nima ya zagaya duniya. Babu wanda ya tsaya gyara wa masu murnar nahawu.

Kafin mu rufe, akwai gyara guda biyu da ya wajaba a faɗa wa masu haɗa bidiyo, domin so ba ya hana faɗin gaskiya.

Na farko, haƙƙin masu wasa. Yanko minti ɗaya don nishaɗi daban, kwashe kashi guda cur a ɗora a wani shafi daban. Wasanni irin su Labarina da Izzar So suna samun kuɗin shiga daga yawan masu kallo a shafukansu na YouTube. Da kuɗin ake biyan ɗan wasa, da mai kyamara, da mai dafa abinci a wajen ɗauka. Wanda ya kwashe ya kai wani wuri ya ci guminsu. Idan kana son wasan, kalle shi a gidan masu shi.

Na biyu ya fi nauyi, shi ne mutuncin mutane. Kada a ɗauki tsohuwa a kasuwa ba da saninta ba don a yi dariyar yadda take magana. Kada a ɗauki 'yan matan da suka zo daga arewa suna dakon kaya, a mai da Twi ɗinsu ko Hausarsu abin ba'a. Wanda ya san zafin a raina harshensa bai kamata ya raina na wani ba. Wannan gyara namu ne, a cikin gida.

Ga masu shirya finafinai a Kano da Kaduna da Jos, saƙon Zango gajere ne. Kuna da masoya a nan, masu yawa, masu aminci. Ku rubuta mana mutum ɗaya daga Akra ko Kumasi a cikin labaranku. Ku ba shi hankali da matsayi, ku bar shi ya yi Hausar gidansu. Ga attajiran Zango da gidajen rediyonmu kuma, yaran nan suna da basira. Abin da suka rasa shi ne kayan aiki, da horo, da wanda zai zauna da su a rubuta labari mai tsawo.

Ku kuma iyaye da yayye da ke saurare a gida, idan yaronku ya nuna muku ɗan wasan da ya ɗauka da abokansa, ku zauna ku kalla har ƙarshe. Idan akwai rashin ladabi a ciki, ku gyara masa. Idan ya taɓa mutuncin wani, ku sa ya goge. Amma kada ku ce masa Hausarsa ba ta da kyau, domin a bakinku ya koye ta.

 Allah ya bar zumunci, ya zaunar da unguwanninmu lafiya.